Hunturu da Iskar Damina: Yadda Zagayen Iskar Duniya Yake Ratsa Dajin Birnin Gwari

Iska iri biyu ce take raba shekara a ƙasar Birnin Gwari. Ɗaya tana fitowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura, tana kaɗawa tun daga Nuwamba har zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Ita ce hunturu. Ɗayar tana tasowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da laima, tana shigowa wajen Afrilu ta zauna har Oktoba, kuma ita take ba damina ruwanta. Shuka da girbi, zubar ganyen itatuwa da tohowarsu, cikar kogin Mariga da janyewarsa, tashin makiyaya zuwa kudu da komowarsu, duk sawun waɗannan iska biyu suke bi. Babu wadda asalinta yake nan. Kowacce reshe ce ta wani babban zagaye da iska take yi a kewayen duniya baki ɗaya, kuma ba a gane daminar Birnin Gwari sosai sai an gane wannan zagaye.

Abin da yake motsa iska

Rana ba ta raba zafinta daidai a bayan ƙasa. A yankin ikwaita, wato tsakiyar duniya, haskenta yana sauka kusan a tsaye, sai zafin ya taru wuri ɗaya. A ƙuryar duniya ta arewa da ta kudu kuwa a karkace yake sauka, ya bazu a fili mai faɗi, ƙarfinsa ya ragu. Saboda haka tsakiyar duniya tana samun zafi fiye da wanda take fitarwa, ƙuryoyin biyu kuma suna fitar da fiye da wanda suke samu. Iska da ruwan teku su ne suke kwashe rarar zafin daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma duk wata babbar iska da aka sani a duniya wani ɓangare ce na wannan jigila.

Iskar da ta ɗau zafi takan buɗe, ta yi sauƙi, ta tashi sama, nauyin iska a wurin ya ragu. Wadda ta yi sanyi takan tsuke, ta yi nauyi, ta sauko. A ƙasa, iska tana kwarara ne daga inda nauyinta ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. A kusa da ikwaita iska mai zafi da laima tana hawa har kilomita 15 ko fiye. Tana hawa tana sanyi, tururin ruwan da take ɗauke da shi ya daskare ya zama gajimare, ya zubo ruwa. Shi ya sa manyan dazuzzukan Kwango da Amazon da Indonesiya suke jere a wannan ɗamara. Idan ta kai can sama ta riga ta zubar da ruwanta, sai ta rabu biyu, wani sashe ya nufi arewa, wani ya nufi kudu. Wajen digiri 30 daga ikwaita ta kowane ɓangare sai ta sauko. Iskar da take saukowa matsewa take yi, ta ƙara zafi, ta ƙara bushewa, ba ta barin gajimare ya haɗu. A ƙarƙashinta ne Sahara da hamadar Larabawa suke a arewa, Namib da Kalahari da tsakiyar Ostireliya suke a kudu. Daga nan ta bi ta ƙasa ta koma wajen ikwaita, zagayen ya cika.

Da duniya a tsaye take, da iskar da take komowa ta riƙa kaɗawa daga arewa sak zuwa kudu sak. Amma duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma gudun juyawar ba ɗaya ba ne ko'ina: a kan ikwaita ya kai kusan kilomita 1,670 a awa, a digiri 60 kuwa rabin haka ne. Wannan juyawa tana karkatar da duk abin da yake doguwar tafiya a sarari, zuwa dama a arewacin ikwaita, zuwa hagu a kudancinta. Shi ya sa iskar da take komowa a arewa take fitowa daga arewa maso gabas, ta kudu kuma daga kudu maso gabas. Jiragen ruwa masu filafilai sun daɗe suna dogara da ita wajen tsallaka Atlantika zuwa yamma. Edmond Halley ya zana taswirarta a 1686, George Hadley ya danganta karkatarta da juyawar duniya a 1735, har ake kiran zagayen da sunansa, sannan Gaspard Coriolis na Faransa ya fitar da lissafin karkatar a 1835.

Bayan digiri 30 akwai wasu zagaye biyu a kowane ɓangare. A tsakanin digiri 30 da 60 iska daga yamma take kaɗawa, ita take kai wa Turai ruwa daga teku, kuma William Ferrel na Amurka ya yi bayaninta a 1856. Can ƙurya kuma iska mai tsananin sanyi tana gangarowa daga kan ƙanƙara. Waɗannan ba su taɓa ƙasar Hausa kai tsaye sai jefi-jefi, lokacin da sanyin Turai ya kutso arewacin Afirka ya ƙara wa hunturu ƙarfi.

Mahaɗar iska da tafiyarta

Inda iskar arewa da ta kudu suka haɗu, nan ne mahaɗa. Mahaɗar ba ta zama wuri ɗaya, domin duniya a jirkice take da kimanin digiri 23 da rabi, don haka inda rana take tsayawa bisa kai yana kaiwa da komowa tsakanin arewa da kudu a cikin shekara. Mahaɗar tana bin rana a baya, da jinkirin makonni. A kan teku kaɗan take gusawa, saboda ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi. A kan Afirka ta Yamma kuwa tafiyarta doguwa ce: a Janairu tana kusa da gaɓar teku, wajen digiri 5 zuwa 7, a Agusta kuma ta kai digiri 20 ko ta ɗan wuce, can arewa da Agadas.

Ƙasar Birnin Gwari tana wajen digiri 11 arewa da ikwaita, wato tsakiyar wannan hanya. Mahaɗar tana ratsa ta sau biyu a shekara, tana hawa arewa wajen Maris zuwa Afrilu, tana komowa kudu wajen ƙarshen Oktoba. Idan mahaɗar tana kudu da garin, garin yana hannun iskar Sahara. Idan ta wuce arewa, yana hannun iskar teku. Kusan rabin shekara ke nan ga kowacce, kuma wannan rabo shi ya ba yankin irin dajinsa: ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, wanda ya ishi doka da kawo da maje da maɗaci da kaɗanya su yi girma, tare da rani mai tsawon da ba zai bar kurmi irin na kudu ya kafu ba sai a bakin rafuka. A tafi arewa zuwa Katsina ko Maraɗi, watannin iskar teku sun ragu, dajin ya koma na ƙaya da gawo. A gangara kudu zuwa Minna da Lokoja, sun ƙaru, itatuwa sun ƙara cunkushewa.

Hunturu

Hunturu ita ce iskar arewa maso gabas ta zagayen Hadley, bayan ta sauko a kan Libiya da Masar ta ratso Sahara. Bushewarta daga saukowar nan ta samo asali, tun kafin ta taɓa yashi. Da rana a Janairu laimar da take cikin iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Sanyin dare ma daga bushewar yake: tururin ruwa da gajimare su ne suke riƙe zafin da ƙasa take fitarwa bayan faɗuwar rana, to idan babu su sai zafin ya tsere sama, asuba ta zo da sanyin da yake sa a kewaye wuta, alhali da azahar rana tana nan da ƙarfinta.

Ƙurar kuwa tana da mahaifa sananniya. A arewacin Chadi, kusa da Faya-Largeau, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Iskar arewa maso gabas tana matsewa a tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da gudu ta afka wa kwarin. Ƙasan kwarin busasshen gindin tafki ne, lulluɓe da farin gari mara nauyi, ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa. Shekaru kusan 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai can, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, domin a wancan zamani iskar damina tana shiga Sahara da nisa fiye da yau. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da yake Jihar Yobe a yau, mai shekaru kusan 8,000, shaida ne na wancan zamanin ruwa. Masana suna lissafa Bodele a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Tsakaninsa da Birnin Gwari kimanin kilomita 1,400 ne, kuma idan ƙura ta tashi can, cikin kwana ɗaya zuwa biyu hazo ya rufe Kano da Zariya da Kaduna, rana ta koma fara fat, jiragen sama su kasa sauka.

Hazon yana da illa da amfani. Yana busar da hanci da maƙogwaro, yana tsananta tari da asma, kuma a watanninsa da na bazara ne sanƙarau yake yaɗuwa a ɗamarar da ta taso daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a arewa. A ɗaya ɓangaren, ƙurar da take sauka a gonaki da daji tana ɗauke da sinadaran da ƙasa take buƙata, taki ne da ba wanda ya saya. Ba a Afirka kaɗai take sauka ba. Wani bincike da aka yi da tauraron ɗan'adam na hukumar NASA, wanda aka fitar a 2015, ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura suna barin Sahara ta gaɓar yamma kowace shekara, kusan tan miliyan 28 daga ciki suna sauka a dajin Amazon.

A dajin Birnin Gwari, hunturu lokacin wuta ne. Doguwar ciyawar damina ta bushe ƙayau, mafarauta da makiyaya da masu sharar gona suna cinna wuta, iska ta ɗauke ta zuwa kudu maso yamma. Wutar farkon rani, lokacin da ciyawa take da sauran ɗanye, sama-sama take ci, manyan itatuwa masu kaurin ɓawo su tsira. Wutar Fabrairu da Maris ita ce mai ɓarna, domin tana cinye ƙananan itatuwan da za su gaji manya.

Bazara da shigowar iskar teku

Daga Maris rana tana ƙara miƙewa, ta tsaya bisa kai a wannan yanki wajen tsakiyar Afrilu. Hunturu ta yi rauni, hazon da yake tare hasken rana ya ragu, gajimare bai zo ba tukuna, sai zafi ya kai maƙura. Wannan zafin da ake kuka da shi shi ne yake janyo damina. Ƙasa mai zafi tana ɗaga iskar da take kanta, nauyin iska ya ragu a cikin nahiya, kuma cibiyar wannan ragi tana gusawa arewa har ta zauna a kan hamadar da take tsakanin arewacin Mali da kudancin Aljeriya a Yuli da Agusta. A daidai lokacin, Atlantika ta kudu tana cikin sanyinta, iska mai nauyi ta taru a yankin tsibirin Saint Helena. Sai iskar kudu maso gabas ta taso daga can, ta tsallaka ikwaita. Da tsallakawarta karkatarwar duniya ta juya, ta koma dama, iskar ta zama ta kudu maso yamma. Haka take shigowa ta gaɓar Legas da Kwatano, ta yi tafiyar kilomita kusan 600 kafin ta iso Birnin Gwari.

Iskar teku ta fi ta Sahara sanyi da nauyi, don haka ta ƙarƙashinta take kutsawa, kamar bakin gatari a jikin itace: siririya a gaba, mai kauri a baya. Wannan siffa tana bayyana abin da kowane manomi ya sani game da bazara. Dare ya daina sanyi, jiki ya fara gumi, iska ta juya, gajimare yana haɗuwa da la'asar yana watsewa, shamuwa ta iso, doka ta fitar da sabon jan ganye, amma ruwa ya ƙi sauka. Bakin iskar ne kawai ya iso, kaurinsa bai kai ya ciyar da hadari ba, ga busasshiyar iska a samansa tana shanye duk gajimaren da ya taso. Ruwa na sosai yana baya da mahaɗar da ɗaruruwan kilomitoci, inda kaurin iskar tekun ya kai kilomita ɗaya zuwa biyu.

Ɗamarar ruwan ma ba a hankali take hawowa ba har ƙarshe. A Mayu da farkon Yuni cibiyarta tana kan gaɓar teku, wajen digiri 5. Masu bincike biyu na Faransa, Benjamin Sultan da Serge Janicot, sun nuna cewa wajen ƙarshen Yuni takan yi tsalle cikin 'yan kwanaki ta koma wajen digiri 10, kuma matsakaicin ranar da suka samu ita ce 24 ga Yuni. Digiri 10 kuwa shi ne kusan layin Kaduna da Birnin Gwari. Daga nan damina ta kankama, har a kai marka a Agusta, lokacin da Legas da Ibadan suke samun ɗan tsaikon ruwa saboda ɗamarar ta bar su ta yi arewa.

Dalilin da hadari yake tasowa daga gabas

Akwai abin da yake kama da saɓani a nan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Laima daga kudu maso yamma take zuwa, amma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gabas ake duba idan ana neman hadari. A Birnin Gwari ta wajen Zariya da Kaduna yake yin baƙi, ya wuce ya nufi Kontagora da Yawuri.

Amsar tana sama. Iskar teku a ƙasa-ƙasa take, amma gajimaren hadari yana miƙewa har kilomita 12 zuwa 15, kuma mafi yawan jikinsa yana cikin iskar da take kaɗawa daga gabas. A tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai wani kwararon iska mai ƙarfi da yake ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma. Bambancin zafi tsakanin Sahara da yankin gaɓar teku ne yake haifar da shi, kuma a Agusta yana wajen digiri 15. Can sama kuma, wajen kilomita 12 zuwa 15, akwai wani kwararon na biyu, shi ma daga gabas, wanda asalinsa daminar Indiya ce da zafin tudun Tibet. Shekarar da wannan na sama ya yi ƙarfi, galibi daminar Afirka ta Yamma takan yi kyau. Iskar ƙasa ce take kawo ruwan, iskar sama ce take tuƙa hadarin.

Hadari yakan fara ne da rana a kan tuddai, inda ƙasa take tilasta wa iska hawa: tudun Jos, duwatsun Azbin a Nijar, tsaunukan Kamaru da na Darfur. Gajimare da yawa su haɗu su yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci daga arewa zuwa kudu, sahun ya kama hanyar yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa, wani lokaci ya kwana yana tafiya. Tudun Jos yana kudu maso gabas da Birnin Gwari, don haka hadarin da ya haɗu can da azahar yana iya isowa da dare. Ruwan da yake zuba cikin busasshiyar iskar tsakiya yana sanyaya ta, ta yi nauyi ta faɗo ƙasa, ta bazu a gaban hadarin. Ita ce iskar nan mai sanyi da ƙura da take riga ruwa isowa, wadda take yaye kwanon rufi, ta karya rassa, ta kwantar da masara. Tana tafe tana ɗaga iska mai laima da take gabanta, sabon gajimare ya haɗu, hadarin ya sabunta kansa. Shi ya sa hadarin farkon damina da na ƙarshenta suka fi iska da tsawa, domin a lokacin iskar tsakiya ta fi bushewa, na marka kuwa ya fi yawan ruwa da natsuwa.

Kwararon tsakiyar ba miƙe yake tafiya ba, yana lanƙwasa yana yin igiyoyi, kowace igiya tana wucewa cikin kwana 3 zuwa 5. Wannan ne yake sa ruwa ya zo kwana biyu a jere, ya ɗauke, ya sake dawowa. Igiyoyin suna fita teku ta gaɓar Senegal da Gini, kuma da yawa daga cikin manyan guguwowin da suke afka wa tsibiran Karibiyan da Amurka tsakanin Agusta da Oktoba daga cikinsu suke girma.

Janyewar damina ta fi shigowarta sauri. Daga Satumba Sahara ta fara hucewa, abin da yake janyo iskar teku ya saki, mahaɗar ta komo kudu cikin makonni kaɗan. Raɓa ta yawaita da asuba, dawa ta nuna, kaka ta shigo.

Shekarun da zagayen ya gaza

Ba kowace shekara iskar teku take kaiwa inda ta saba ba. Fari na 1913 ya jawo yunwar da ake tunawa da ita da sunan Kakalaba. Shekarun 1950 sun yi ruwa sosai, sannan daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya yi ta raguwa, aka yi fari mai tsanani a 1972 da 1973, aka sake wani a 1983 da 1984. Dabbobi sun mutu da yawa a Nijar da arewacin Nijeriya, makiyaya da dama suka gangaro yankuna masu sauran ciyawa da ruwa irin na yammacin Kaduna.

A 1975 wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da aka cinye ciyawarta tana ƙara haske, tana mayar da hasken rana sama, iska ta riƙa saukowa a kanta, ruwa ya ragu. Ra'ayin yana da tushe a lissafi, amma an ɗauke shi an wuce da shi inda bai kai ba, aka shekara da shekaru ana ɗora wa manomi da makiyayi laifin farin da ya hallaka dukiyarsu. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa ruwan yankin Sahel yana bin bambancin zafi tsakanin tekunan arewacin duniya da na kudanci, kuma binciken Alessandra Giannini da abokanta a 2003 ya ƙarfafa haka. Idan Atlantika ta arewa ta yi sanyi, ta kudu da Tekun Indiya suka yi ɗumi, mahaɗar ba ta hawa arewa sosai. Hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani yana cikin abubuwan da ake ganin sun sanyaya tekun arewa. Ɗumamar Tekun Pasifik da ake kira El Nino ita ma takan raunana damina a nan. Babban dalilin farin yana can nesa, a wuraren da talakan Sahel bai taɓa takawa ba, kuma adalci ne a faɗi haka a fili.

Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, sai dai da sabon hali. Binciken Christopher Taylor da abokan aikinsa na 2017 ya nuna cewa manyan hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma sun danganta haka da ƙarin zafin Sahara. Iska mai ɗumi tana riƙe ƙarin tururi, kimanin kashi 7 cikin ɗari ga kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos. Ruwa mai yawa a dare ɗaya, sannan kwanaki babu ko ɗigo, ya fi wahalar da gona fiye da adadin nan idan ya rabu a hankali.

Rabon dajin a cikin wannan lamari

Cewa teku ce take da babban iko ba ya nufin daji ba shi da nasa. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Itatuwa masu dogon saiwa suna zuƙo ruwa daga ƙasa su fitar da shi ta ganye, har bayan saman ƙasa ya bushe. Iskar kudu maso yamma da ta ratsa irin wannan daji tana sake cika tururin da ta zubar a hanya, ta wuce da shi arewa maso gabas, wajen Funtuwa da Katsina da Kano. Wani kaso na ruwan da yake sauka a ƙasashen arewa ya taɓa sauka a kudu da su, ganye ya mayar da shi sama. Da rani kuma itatuwa suna rage gudun hunturu a ƙasa, suna tare ƙura, suna hana iska kwashe saman gona, kuma ƙasar daji tana shanye ruwan hadari ta sake shi a hankali zuwa Mariga, wanda yake kai shi kogin Kaduna a Jihar Neja.

Saran itace don gawayi da katako, faɗaɗa gonakin masara, da ramukan haƙar zinariya duk suna cin wannan daji. Rashin tsaron da 'yan bindiga suka jawo ya hana ma'aikatan gandun daji da masu bincike shiga sassa da yawa na tsawon shekaru, ya kuma raba dubban manoma da gonakinsu a lokacin da damina ba ta jiran kowa. Asarar rayuka ita ce babba, amma akwai wata asarar da ba a cika ambata ba, wato shekarun da ba a auna abin da yake faruwa da dajin ba.

Hasashe da awo

Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran farawar ruwa da ɗaukewarsa. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana irin wannan aiki ga ƙasashen Sahel. Hasashen watanni yana dogara ne da zafin tekuna, saboda teku ba ta saurin canzawa, don haka yana iya nuna ko damina za ta yi yawa ko ƙaranci a yanki, amma ba ya iya faɗin ranar da ruwa zai sauka a wani ƙauye. Hasashen kwana ɗaya zuwa uku kuwa yana bin igiyoyin gabas da sahun hadari ta hotunan tauraron ɗan'adam. Dukansu suna buƙatar awo daga ƙasa, kuma tsofaffin tashoshin awo na wannan shiyya suna Kaduna da Zariya da Minna da Gusau da Yalwa, dajin yana tsakiyarsu da tazara mai yawa ta kowane gefe.

Tambayar da ta fi damun manomi ita ce ta ranar shuka, domin ruwan farko na Afrilu ko Mayu sau da yawa na bakin iskar teku ne, wanda yake iya ja da baya ya bar iri ya ƙone a rami. Masana aikin gona suna amfani da wani ma'auni da M. V. K. Sivakumar ya fitar a 1988 daga cibiyar ICRISAT ta Nijar: ana ɗaukar damina ta fara idan ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma ba a sami tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Sharaɗin farko ana iya auna shi da ma'aunin ruwa mai sauƙi a makarantar firamare ko ofishin malamin gona. Sharaɗi na biyu ba a saninsa sai ta hasashe, kuma ingancin hasashen ya dogara da yawan irin waɗannan ma'aunai da ake karantawa kullum ana aika sakamakonsu.